Ƙwallon Dalma ko Dogon Harsashi: Wanne Ya Dace da Bindigar Ɗuri?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya samu bindigar ɗuri, irin wadda ake zuba wa albarushi da harsashi ta baki, mai tsagi a cikin bututu, faɗin bakinta rabin inci, wato .50. Yana son ya riƙa harbin saiti da ita, in lokacin farauta ya zo kuma ya nemi dabba mai girman barewa. Wasu sun ce masa ya yi amfani da ƙwallon dalma da ake naɗewa a ƙyalle, wasu kuwa sun ce wannan kayan tarihi ne, ya nemi dogon harsashi mai nauyi. Wanne zai ɗauka?

Ɗan'uwa, kafin ka saurari kowa, har da ni, ka fara tambayar bututun bindigarka, domin wanda ya ƙera shi ya riga ya yanke rabin hukuncin tun ranar da ya tsaga cikinsa. Tsagin nan da ke ciki ba a miƙe yake ba, a murɗe yake, kuma yawan murɗin ne ke nuna irin harsashin da bindigar za ta iya riƙewa a saiti. Ana rubuta shi kamar 1:66, ma'ana harsashi zai yi juyi ɗaya cikakke in ya yi tafiyar inci 66. Idan ba a rubuta a jikin bututun ba, aunawa ba ta da wuya. Ka tabbatar babu ɗuri a ciki, ka sa ƙyalle mai ɗan maiko a kan sandar wanki yadda zai kama sosai, ka tura har ƙasa. Ka yi wa sandar alama daidai bakin bututu, ka yi wata a samanta wadda za ta nuna maka juyawa. Sai ka riƙa zarowa a hankali, kana barin sandar ta juya da kanta. In ta yi rubu'in juyi ka tsaya ka auna tsawon da ya fito, ka ninka sau huɗu. In inci 12 ya fito, murɗinka 1:48 ne. In ya haura 16, kana wajen 1:66. Ka maimaita sau biyu ko uku, don ƙyallen yakan zame ya ruɗe ka.

Me ya sa murɗi ya zama shi ne kan magana? Ƙwallo ba shi da kai ba shi da gindi. Ta kowane ɓangare ya fuskanci iska, siffarsa ɗaya ce, saboda haka ba ya tsoron wuntsilawa. Ɗan juyin da ake ba shi aikinsa kawai ya raba ƙananan aibobin zubi, kamar ɗan kogon iska a ciki ko guntun da ya rage a wajen da aka yanke bakin zubi, don kada su ja shi gefe guda. Dogon harsashi kuwa iska tana tokare shi ta ka, alhali nauyinsa yana can baya, don haka kullum neman juyawa yake ya ba da gindi gaba. Abin da ke hana shi shi ne juyi mai sauri, kamar yadda katantanwa ke tsayawa cak muddin tana juyawa, in juyin ya ragu sai ta fara tangaɗi. Gwargwadon tsawon harsashi, gwargwadon juyin da yake bukata. Ka lura, tsawo na ce, ba nauyi ba. Nauyi yana shigowa ne kawai domin a faɗin baki ɗaya harsashin da ya fi nauyi shi ya fi tsawo.

A shekarar 1879 wani malamin lissafi Bature, Alfred George Greenhill, wanda ke koyar da hafsoshin igwa a Woolwich ta Ingila, ya fitar da wani ɗan lissafi da har yau yake mana amfani. Ka ninka faɗin harsashi da kansa, ka ninka abin da ya fito da 150, ka raba da tsawon harsashin, duk a inci. Abin da ka samu shi ne murɗin da ake bukata. Mu gwada da bindigarka. Rabin inci sau rabin inci ya ba da 0.25, sau 150 ya ba da 37.5. Ƙwallo tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, rabin inci, saboda haka 37.5 a raba da 0.5 ya ba da 75: juyi ɗaya a inci 75 ya ishe shi. Harsashi mai tsawon inci guda kuwa yana son juyi ɗaya a inci 37 ko ƙasa da haka. Shi ya sa za ka ga bindigogin da aka yi don ƙwallo suna zuwa da 1:60, 1:66, 1:70, waɗanda aka yi don dogon harsashi kuma da 1:32 ko 1:28. Lissafin ya ma dace da bindigar da aka ƙera kafin a fitar da shi. Bindigar Joseph Whitworth ta shekarun 1850, mai faɗin baki .451 da ciki mai kusurwa shida, tana harba harsashi mai nauyin giren 530 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna harsashi da albarushi da shi) wanda tsawonsa ya kai kusan ninki uku na faɗinsa, murɗinta kuwa 1:20. Da irinta Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar harbi ta Wimbledon a 1860, daga nisan yadi 400.

In ka sa dogon harsashi a bututu mai murɗi kaɗan, takardar saiti za ta gaya maka: maimakon huji zagayayye za ka ga huji mai tsawo, alamar harsashin a kwance ya iso. In kuma ka sa ƙwallo a bututu mai murɗi da yawa ka cika masa albarushi, ƙyallen ba zai iya riƙe tsagin ba, sai ya yage, ƙwallon ya wuce ba tare da ya ɗauki juyin ba. Da albarushi kaɗan, giren 40 zuwa 50, ƙwallo yakan yi kyau ko a 1:28, amma wannan ɗurin harbin takarda ne da ƙananan namun daji.

Akwai wanda zai ce, to ai bindigogin soja na da, kamar Enfield ta Ingila ta 1853 mai murɗi 1:78 da Springfield ta Amurka ta 1861 mai 1:72, dogon harsashi suke harbawa, ga shi murɗinsu bai ma kai na bindigar ƙwallo ba. Gaskiya ne, kuma sanin dalilin zai taimake ka ka gane daga ina dogon harsashi ya fito. Matsalar soja a wancan zamanin saurin ɗuri ce. Ƙwallo mai ƙyalle sai an tura shi da ƙarfi, in bututu ya yi datti bayan 'yan harbe-harbe abin ya ƙara wuya, mutum kuma yana tsaye ana harbinsa. A ƙarshen shekarun 1840 wani kyaftin na sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya kammala wani harsashi da ya ɗan gaza faɗin bututu, yana zurarawa ƙasa cikin sauƙi, gindinsa kuma da kogo. In albarushi ya tashi sai matsin ya buɗa gefunan kogon su kama tsagi. A Amurka James Burton na ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry ya gyara shi ya cire ɗan ƙarfen da ake cusawa a kogon, aka karɓe shi a 1855, kuma da shi aka yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Wannan harsashi gajere ne in an kwatanta da faɗinsa, kogon kuma ya mayar da nauyinsa gaba, sai ya zama kansa ne ke jan gindinsa kamar kibiya, ba ya bukatar juyi mai yawa. Sai dai yana da iyaka: ɗurin soja giren 60 ne a Springfield, kuma in ka wuce haka da nisa siririn gefen kogon yakan buɗe fiye da kima yayin fita daga baki, saiti ya watse. Abin da nake son ka ɗauka a nan shi ne, soja ya bar ƙwallo ne don yana son ɗuri uku a minti guda da kuma isa ga jerin abokan gaba a nisan yadi 300 zuwa sama. Kai ba ɗayan biyun nan kake nema ba.

Bayan murɗi, ka leƙa zurfin tsagin. Mutane da yawa sukan manta da wannan, alhali a ganina yana kusa da murɗi wajen muhimmanci. Bututun ƙwallo yana son tsagi mai zurfi, kamar .010 zuwa .016 na inci, domin ƙyalle ya samu wurin shiga, dattin albarushi ma ya samu wurin zama. Ga lissafin: ƙwallo .490, ƙyalle mai kaurin .015 ta gefe biyu, jimla .520. Bututu .500, tsagi .010 ta gefe biyu, shi ma .520. Ka ga sun haɗu, babu kafar da wuta za ta bi. Dogon harsashi kuwa dalma ce tsirara, ita da kanta za ta kumbura ta cike tsagin, saboda haka ya fi son mara zurfi, kamar .004 zuwa .006. In tsagin ya yi masa zurfi, wuta takan bi ta gefensa ta narke jikinsa, ta bar dalma a manne a bututu.

Yanzu mu zo ga abin da masu kushe ƙwallo suka dogara da shi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ƙwallo .490 nauyinsa giren 177 ne, kimanin giram 11 da rabi. Da ɗurin giren 90 yakan fita da gudun ƙafa 1,800 a daƙiƙa ko sama kaɗan, wato wajen mita 550. Amma cikin duk siffofin harsashi babu wanda iska ke ci kamarsa, domin faɗinsa ya yi yawa a kan nauyinsa. Kafin ya kai yadi 100 gudunsa ya sauko wajen ƙafa 1,100, kusan gudun sauti, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfin dukansa ya zube a hanya. Dogon harsashi mai giren 385, kimanin giram 25, da albarushi iri ɗaya yakan fita a wajen ƙafa 1,400, amma yana riƙe gudunsa, ya isa yadi 100 da fiye da ninki biyu na ƙarfin da ƙwallo ya isa da shi. Iskar gefe ma haka. Iska mai gudun kilomita 16 a awa za ta iya kawar da ƙwallo kusan inci 10 a yadi 100, dogon harsashi kuma wajen rabin haka. Wannan na iska shi ne aibin ƙwallo da na fi jin tsoro, fiye da batun ƙarfi, domin ƙirjin barewa ba shi da faɗin da zai yafe maka kuskuren inci 10.

To amma akwai abin da alƙaluman ba sa nunawa. Na farko, daga baki zuwa wajen yadi 100 ƙwallo ya fi tafiya a miƙe, saboda ya fita da gudun da ya fi. In ka daidaita saitinka ya ɗan haura inci biyu a yadi 50, za ka iya ɗora saiti a tsakiyar ƙirji daga kusa har wajen yadi 100 ba tare da wani lissafi ba. Sai bayan yadi 120 ne yake fara faɗuwa da sauri. Na biyu, dabba ba lissafin ƙarfi ke kashe ta ba, huji ne a huhu da zuciya. Ƙwallonka tun kafin ya taɓa fata faɗinsa rabin inci ne, kuma da yake dalma ce zalla mai laushi, yana shiga sai ya baje. Sau da yawa ana samunsa a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen ya zama kamar kwabo, wani lokaci kuma ya fita gaba ɗaya. Dabba mai girman barewa da ta ba ka haƙarƙari a yadi 70 ba za ta yi nisa ba in ƙwallo .50 ya ratsa huhunta biyu. Na ga haka sau da dama, kuma shi ya sa ba na yarda a kira shi kayan tarihi.

Inda yake gazawa shi ne inda ake bukatar ratsawa mai zurfi: dabba mai ƙaton jiki da kaurin ƙashi, ko wadda ta tsaya a karkace ta yadda sai harsashi ya fasa kafaɗa ko ya bi ta ciki kafin ya kai huhu. A nan dogon harsashi ya fi shi nesa ba kusa ba, domin nauyinsa a kan faɗinsa ya ninka na ƙwallo. Mai harbi da ƙwallo dole ya zama mai haƙuri: ya matsa kusa, ya jira dabba ta juyo da gefe, in ba ta juyo ba ya bar ta ta tafi. Ni ina ɗaukar wannan a matsayin wani ɓangare na farauta da irin wannan bindiga, kuma wanda ya san ba zai iya wannan haƙurin ba, ya fi masa alheri da dabbar ya ɗauki dogon harsashi.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce zai ƙara wa ƙwallo ƙarfi ta hanyar ƙara albarushi. Gudun da ka ƙara a baki, iska za ta ƙwace mafi yawansa kafin yadi 100, domin gwargwadon gudu gwargwadon yadda take tokarewa. Hanyar ƙara wa ƙwallo ƙarfi ita ce ƙara masa girma. Nauyinsa yana hawa da sauri ƙwarai in faɗi ya ƙaru kaɗan: na .45 giren 128 ne, na .50 giren 177, na .54 giren 224, na .58 kuma wajen 280. Mutanen da suka rayu da wannan makami sun san haka. Bindigogin da 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Samuel Hawken, suka riƙa ƙerawa a St. Louis tun daga shekarun 1820 don masu shiga duwatsun yammacin Amurka, galibinsu .50 zuwa .54 ne, kuma da ƙwallo aka riƙa kashe ɓaunar ƙasar da su. A Indiya ma wani hafsan Birtaniya, James Forsyth, ya rubuta a 1863 yana kare ƙaton ƙwallo da murɗi kaɗan ƙwarai da albarushi mai yawa don farautar manyan namun daji a nisan da ake harbi a kurmi, a daidai lokacin da kowa ke rububin dogon harsashi. Hujjarsa ita ce wadda na ba ka: a nisan farauta na gaskiya, tafiya a miƙe da faɗin huji sun fi riƙe gudu a yadi 500 amfani.

Dogon harsashi kuma yana da nasa kuɗin da ake biya. Dukan kafaɗa yakan kusan ninka na ƙwallo a ɗuri iri ɗaya, kuma bindigogin da aka yi a tsohuwar siffa da gindi mai lanƙwasa da ƙarfe a ƙarshe ba sa tausaya wa kafaɗa. Wanda bindiga ke duka yakan fara rufe ido yana fizgar kunama ba tare da ya sani ba, kuma wannan ya fi kowace iska ɓata saiti. Dalma ma haka: laba ɗaya, wato giren 7,000, za ta ba ka ƙwallo 39, amma dogon harsashi 18 kawai. Wanda ke harbi sau arba'in a rana ba tare da jin jiki ba shi zai san bindigarsa, ba wanda ya yi harbi goma ya koma gida yana shafa kafaɗa ba. Matsin da ke cikin bututu ma yana ƙaruwa, domin albarushi yana tura abu mai nauyi ninki biyu. Shi ya sa iyakar ɗurin da masu ƙera bindiga ke rubutawa don dogon harsashi takan gaza ta ƙwallo, ko ta yi daidai da ita amma ba ta wuce ba. In bindigarka mai hula ce, wato ɗan ƙoƙon ƙarfe da hama ke duka ya kunna albarushi, kuma ka ga hamar tana ɗagowa da kanta bayan harbi, wuta ce ke dawowa ta hancin da ake ɗora hular, ko dai hujinsa ya cinye ko ɗurin ya yi yawa. Ka tsaya ka duba. A bindiga mai ƙanƙara kuwa 'yar kafar wuta ce ke saurin faɗaɗa.

Akwai haɗari guda da nake son ka riƙe da kyau in ka zaɓi dogon harsashi. Ƙwallo ƙyallensa yana riƙe shi gam a kan albarushi. Dogon harsashi kuwa, da zarar tsagi ya zana jikinsa a bakin bututu, saura sai ya zurara da sauƙi, kuma abin da ya shiga da sauƙi yana iya dawowa da sauƙi. In ka yini kana tafiya da bakin bindiga a ƙasa, yana iya zamewa ya bar sarari tsakaninsa da albarushi. Harbi a wannan hali yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Ya taɓa faruwa da ni rabinsa: bayan tafiyar safiya guda na zura sandar ɗuri don dubawa, sai na ga alamar da na yi mata ta tsaya sama da baki da kusan inci biyu. Na danna harsashin ya koma, amma ban manta da faɗuwar gaban da na ji ba. Saboda haka ranar farko da ka tsayar da ɗurinka, ka zura sandar a kansa ka yi mata tsaga daidai bakin bututu, kuma ka riƙa dubawa lokaci-lokaci, bayan ka cire hular. Sauran ƙa'idojin ba su canja ko da wanne kake harbi: baƙin albarushi ko madadinsa da aka yi don bindigar ɗuri kawai, kada ka kusanci albarushin harsasan zamani ko ƙwaya ɗaya, ka riƙa zubawa daga ma'auni, ba kai tsaye daga ƙaho ko gwangwani ba, fuska da yatsu kuma nesa da baki. In kana zubin dalma da kanka, ka yi a fili inda iska ke kaɗawa, kada ɗigon ruwa ya faɗa tukunya, ka wanke hannu kafin ka ci wani abu.

Ina kyautata zaton in ka auna za ka samu 1:48, domin shi ne ya fi yawa a bindigogin masana'anta masu hula tun bayan da kamfanin Thompson/Center ya fito da tasa samfurin Hawken a 1970. An zaɓi wannan murɗi ne don ya ɗauki duka biyun, kuma yana ɗauka, da sharaɗi. Da ƙwallo yana son haɗi mai matsi, domin tsagin irin waɗannan bindigogi sau da yawa ba shi da zurfi: ƙyalle mai ƙarfi na auduga ko lilin zalla, saƙa mai tauri, ba mai haɗin roba ba don yana narkewa. Da dogon harsashi kuma yana son gajere. In ka juya lissafin Greenhill, 37.5 a raba da 48 ya ba da kusan 0.8 na inci, saboda haka masu nauyin giren 250 zuwa 320, kamar R.E.A.L. na kamfanin Lee ko ƙaramin Maxi-Ball, su ne wurin farawa. Masu 370 zuwa 385 sukan yi kyau a wasu bututun, musamman masu kogo a gindi, a wasu kuma su ƙi. Ɗan faifan ulu mai maiko tsakanin albarushi da gindin harsashi yakan gyara saiti sosai, don yana kare gindin daga wuta. Harsashin nan da ake sa wa rigar roba kuwa na bindigogin zamani ne masu murɗi 1:28 ko makamancinsa, ba zan tsaya a kansa ba.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka fara da ƙwallo. Ka nemi .490 da ƙyalle mai kaurin .015 zuwa .018, da baƙin albarushi mai lamba FFg, wato mai matsakaicin ƙwaya. Ka shafa wa ƙyallen maiko wanda ba na fetur ba, kamar kitse da aka narka da kakin zuma, domin man fetur yana haɗuwa da tokar albarushi ya zama kwalta. Ka ɗora ƙwallon da wurin yankan zubi yana kallon sama, kullum haka. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ka fara da giren daidai lambar bakin bindiga, wato 50. Ka zauna, ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka yi harbi biyar a yadi 50, kana goge bututu iri ɗaya tsakanin kowane harbi. Ka ƙara giren biyar ka sake, kana canja abu ɗaya kawai a lokaci guda. Za ka ga hujojin suna matsowa kusa da juna, sannan a wani wuri su fara watsewa. A irin bindigarka ɗurin farauta yakan faɗo tsakanin giren 70 da 90, kuma kada ka wuce abin da mai ƙerawa ya iyakance.

Bayan kowane zagaye ka taka 'yan yadi goma zuwa goma sha biyar gaban inda ka zauna ka tsinci ƙyallayen da suka faɗi, domin su ne za su gaya maka abin da ke faruwa a ciki. Ƙyalle mai kyau za ka same shi da baƙin da'ira a tsakiya da zanen tsagi, gefensa ya ɗan tuje, amma babu huji, har ka ga kamar za a iya sake ɗura shi. In ya ƙone ya huje a tsakiya, ko ya yi siriri ko maiko ya yi kaɗan. In ya yanke a zagaye daidai inda ƙwallo ya taɓa bututu, bakin bututun ko gefen tsagin ne ke da kaifi, abin da yakan lafa bayan harbi ɗari ko biyu a sabuwar bindiga. Yawancin waɗanda suka ce mini bindigarsu ba ta son ƙwallo, da muka tsinci ƙyallensu sai muka tarar a yage yake.

In ka samu harbi biyar suna taruwa cikin inci biyu a yadi 50, ka koma yadi 75, sannan 100, ka nemo nisan da za ka iya sa kowane harbi cikin faɗin tafin hannu biyu daga irin zaman da za ka yi a daji, ba daga kan buhu ba. Wannan nisan shi ne iyakarka, kuma da saitin ƙarfe na ido mafi yawanmu ba ma wuce yadi 100, wato cikin nisan da ƙwallo ke iya aikinsa. Sai in za ka nemi dabbar da ta ninka barewa sau uku ko huɗu, ko filin da kake farauta buɗaɗɗe ne mai iska, ko ka auna ka tarar murɗinka 1:32 ne ko fiye da haka sauri, sannan ka koma dogon harsashi, ka sake wannan gwajin daga farko, ka kuma sake daidaita saiti, domin ba wuri ɗaya suke faɗawa ba.

Ka kuma duba dokar inda za ka yi farauta kafin ka sayi mazubi, don wani wurin doka ce ke yi maka zaɓin. Wasu jihohin Amurka sun ƙayyade mafi ƙarancin faɗin baki ko nauyin harsashi ga kowace dabba, Kolorado ta hana harsashi mai rigar roba a lokacin farautar bindigar ɗuri, Kalifoniya kuma ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yulin 2019. A inda aka hana dalma ana samun ƙwallon da aka yi da wasu ƙarafa, amma ya fi tauri, ba ya bajewa kamar na dalma, kuma sau da yawa sai an rage masa faɗi an ƙara kaurin ƙyalle kafin ya shiga bututu lafiya.